Ina ake wasa yau? Yadda labarin kiɗa da kokowa ke yawo a Deule da ƙasar Adar

Matashin da ke zaune a Yamai ko Kano ko Abijan, idan yana son sanin inda za a yi wasa a ƙarshen mako, wayarsa kawai zai ɗauko. Zai ga hoton mawaƙi a Facebook, da sunan zauren, da kuɗin shiga, da lambar da za a kira. A Deule, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Buza a jihar Tawa, wannan dabara ba ta kai mutum ko'ina. Ba a san wasa da jadawali ba, ba a san shi da tikitin da ake saye tun kafin ranar ba.

Duk da haka ana wasa. Ana kokowa, ana dambe, ana kiɗan biki har gari ya waye, 'yan mata na gaɗa idan wata ya yi fari. Wanda ya san hanya zai iya yin mako guda a lokacin kaka yana bin garuruwa bai rasa inda ganga ke tashi ba. Wanda bai sani ba zai zo ya koma yana cewa ƙasar ta mutu. Da yawa daga masu faɗin haka kuwa 'ya'yan ƙasar ne da suka daɗe a waje, suka dawo da ɗabi'ar birni ta jiran talla ta same su.

Deule na cikin ƙananan hukumomi bakwai na gundumar Buza, tare da Buza kanta da Allakaye da Babankatami da Karofane da Tabotaki da Tama. Ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka, yankin da ake kira Adar-Dutsi-Majiya. Hanyar da ta tashi daga Madawa ta ratsa Buza da Keita da Tamaske ta faɗa Tawa ita ce ta ɗinke manyan garuruwan. Masana na waje sun fi sanin yankin da aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO, da kuma layukan bedi da aka soma dasawa a kwarin Majiya tun 1975 don tare iska. 'Yan Nijar kuwa sun fi saninsa da tafiya. Adarawa sun yi suna wajen bida: Abijan, Legas, Kamaru, Gabon, Libiya, Aljeriya. Wannan tafiya ita ce ke juya harkar wasa a yankin, ta fuskar masu kallo da ta masu biya.

Gona ce ke tsaida lokaci

Daga Yuni zuwa Satumba ba wanda ke da lokacin wasa. Ana noma, rumbu ya yi ƙasa, kuɗi sun yi wuya. Makaɗi ma manomi ne. Gangarsa na rataye, shi yana gona. Sai an yanke gero, an ɗaure dammuna, an kai rumbu, wato daga wajen Oktoba, sannan gari ke buɗewa. A nan ne samarin wani gari ke aika goro ga na wani gari cewa su zo a gwada ƙashi. A nan ne ake ɗaura auren da aka yi ta ɗagawa. Dararen farin wata su ne suka fi daraja, don a ƙauyen da ba wutar lantarki, wata ne fitilar dandali.

Matsalar ita ce, makonnin nan su ne kuma makonnin tashi. Saurayi na gama ɗaure hatsin gidansu sai ya fara lissafin kuɗin mota. Kafin sanyi ya kankama, ƙauyuka da yawa sun koma na mata da yara da tsofaffi. Ke nan lokacin da fili ke cika da ƙarti gajere ne ƙwarai, bai wuce 'yan makonni ba. Wanda ya zo a Fabrairu yana neman kokowar ƙauye ya makara, sai dai ya tarar da masu aikin albasa a fadama, su kuma ba su da sukuni.

Akwai ƙofa ta biyu, wajen Mayu da farkon Yuni, lokacin da 'yan bida ke dawowa don shuka, da kuɗi a aljihu da kayan aure a buhu. Bukukuwa na yawa, sai dai zafi ya kai maƙura, kuma hankalin kowa na sama yana duban hadari. Ta uku ita ce Sallah, ƙarama da babba, wadda ke matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A shekarun nan ta faɗo cikin bazara da bakin damina. Wannan kaɗai ya canza fasalin wasan Sallah: Sallar da ta zo a kaka, hatsi cike da rumbu, ba ɗaya take da wadda ta zo ana neman irin shuka ba.

Masu ɗauke da labari

Ranar kasuwa ita ce jaridar yankin. Kowane gari mai kasuwa da ranarsa a mako, kuma mutum ɗaya na iya cin kasuwa uku ko huɗu kafin mako ya zagayo. Labarin wasa na bin wannan zagaye. Amma ba kowace rumfa ake tambaya ba.

Mai neman labarin dambe ya nufi wajen mahauta. Dambe wasansu ne tun asali, kalangu kuma kiɗansu ne, don haka sarkin fawa da yaransa sukan san inda za a ɗaure hannu kafin kowa. Mai neman labarin biki ya nemi makaɗa da maroƙa da sanƙira, waɗanda kasuwa wurin aikinsu ce. Makaɗi shi ne ya fi kowa sanin gaskiyar rana, saboda shi aka ba kuɗin kamu. In ya ce ran Asabar yana gari kaza, to akwai wasa a gari kaza. In mai biki ne ya faɗa, yana iya zama fata ce kawai.

Sai 'yan kabu-kabu. Su ne sabbin masu shela, ko da ba wanda ya naɗa su. Su ke kai lasifika da janareto, su ke ɗauko ƙawayen amarya, su ke dawo da samari da tsakar dare. Ɗan kabu-kabun da ke tsaye a bakin tashar Buza ko Madawa ya san garin da aka sha kai mutane tun safe, ya kuma san dalili. Tambayarsa kyauta ce, sai dai a tuna cewa yana da riba in an tafi.

A cikin gari kuma akwai fada, inda samari ke zama ana dafa shayi, da shagon mai cajin waya, wanda galibi shi ne kuma mai tura waƙoƙi da finafinai a katin waya. Duk wayar unguwa na kwana a hannunsa, duk mai waya na tsayawa ya yi hira. Mai shela na gargajiya bai ɓace ba, har yanzu yana zagayawa da sanarwar sarki ko ta hukuma, amma abin da ya shafi nishaɗin matasa ya fi bi ta waɗannan wurare.

Rediyon karkara, wanda aka soma kafa irinsa a Nijar a Bankilare a 1999 kafin ya bazu ko'ina cikin ƙasar, ya ƙara wa labari nisan zango. Filin sanarwa shi ne wanda ba a so a rasa: rasuwa, suna, ɗaurin aure, ɓatan raƙumi, sai a tsakiya a ji an ce samarin gari kaza na gayyatar 'yan kokowa. Ana faɗa sau ɗaya ko biyu, gwargwadon abin da mai sanarwar ya biya. Wanda ya tashi ɗebo ruwa a lokacin ya rasa.

WhatsApp ne ya zo ya haɗa duka. Kusan kowane gari na da zaurensa, wani lokaci fiye da ɗaya: na dattawa, na samari, na 'yan garin da ke Abijan. Da murya ake magana, ba da rubutu ba, abin da ya sa wanda bai yi boko ba ma yana ciki. Abin dariyar shi ne, ɗan Deule da ke tura baro a kasuwar Ajame ta Abijan yakan riga maƙwabcin mai biki jin labari, saboda shi aka fara gaya wa, da yake shi ake sa ran zai aiko da gudummawa.

Sai dai saƙon murya na da lahaninsa. Ba ya ɗauke da kwanan wata. Mutum ya ce gobe, saƙon ya yi kwana uku yana yawo, kowa ya saurara ya ɗauka gobensa ake nufi. Bidiyon kokowar bara na dawowa a ce na jiya ne. Kuma a ƙasar nan rasuwa ɗaya a gari ta isa a ɗaga wasa, komai kuɗin da aka kashe, labarin ɗagawar kuwa ba ya gudu kamar labarin gayyatar. Shi ya sa masu wayo ba sa hawa babur sai sun kira makaɗin ko wani ɗan garin da safiyar ranar. Lokaci ma ba da agogo ake ba da shi ba. Bayan la'asar na nufin kokowa ko dambe. Bayan isha'i na nufin kiɗa, kuma wanda ya je da ƙarfe tara zai tarar ana gwada lasifika.

Daga dandali zuwa takobi

A duk wasannin yankin, kokowa ce kaɗai ke da tsani daga ƙauye har fadar shugaban ƙasa. Gasar takobi ta ƙasa a Tawa aka fara ta, a 1975, zamanin Seyni Kunce, kuma Yakuba Kantu na Maradi ne ya fara ɗaukar takobin. Tun daga nan take zagaya manyan biranen jihohi. Yanzu jihohi takwas ne, kowace na kawo 'yan kokowa 10, jimilla 80, a yi kusan kwana 10 ana kaye har a bar mutum ɗaya da bai taɓa ƙasa ba. A 'yan shekarun nan ana yin ta ne a ƙarshen Disamba. Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobin sau shida, abin da ba wanda ya taɓa yi, kafin Abba Ibrahim na Yamai ya karɓe shi a gasar Doso ta Disambar 2024. Jihar Tawa na da nata gwaraza da suka taɓa riƙe shi, irin su Kadade a da can, da Yahaya Kaka a baya-bayan nan. Filin kokowar birnin Tawa na ɗauke da sunan Hamidin Maidare.

Wannan ce harka ɗaya da ba a shan wahalar nemanta. Rediyo da talabijin na ƙasa na watsa ta kai tsaye. A kwanakin nan duk mai rediyo a Deule da Karofane da Garhanga da Galma yana manne da ita, kuma gidajen kallo da ke nuna ƙwallon Turai da finafinan Kano kan juya akalar allonsu zuwa fili. 'Yan bida na bi ta Facebook da YouTube, ana kaye a Doso ana ihu a Tripoli.

Abin da masu kallon talabijin ke mantawa shi ne, kafin a kai ga mutum goman da za su wakilci jiha, ana tankaɗe da rairaya a matakin gunduma sannan na jiha. Wannan zaɓe shi ne kallo mafi armashi da mutumin Buza ko Keita ko Madawa zai samu kusa da gida, kuma shi ne ake yi wa talla mafi ƙaranci. Yakan faɗo a makonnin da ke gaban babbar gasar. A nan ake ganin yaron da ba a san sunansa ba ya kada wanda ake tsoro. Ana kusa da fili, ana jin kirari da kunne, ana ganin layu da guraye, ana kallon cali-cali na kwaikwayon faɗuwar wanda aka kayar tun bai gama kakkaɓe ƙasa ba. Mai son sanin ranar sai ya bi ta ofishin matasa da wasanni na gunduma, ko ya tambayi tsofaffin 'yan kokowa, waɗanda su ne alƙalai da masu horarwa.

Shi wannan yaro kuwa daga dandalin ƙauye ya fito. Nijar ba ta da makarantar da ke ƙera ɗan kokowa tun daga tushe kamar yadda ake ƙera ɗan ƙwallo a Turai. Yaro na koyo ne a yashi, da tsaransa, gaban 'yan mata da makaɗi. Idan kokowar kaka ta yi rauni saboda samari sun tafi da wuri, ko ba wanda zai ɗauki nauyin makaɗa, to tushen ne ke bushewa, ko da kyautar takobi ta kai miliyoyin sefa. Hukumomi na kashe kuɗi sosai a saman tsanin. Matakin ƙasa an bar wa sarkin samari da aljihun 'yan gari.

Wa ke biya?

A birni mai kallo ne ke biya a ƙofa. A ƙauye, yawancin wasa kyauta ne ga mai kallo, wani ne ya ɗauki nauyi: uban ango, ɗan kasuwa, mai unguwa, ko ƙungiyar samari da ta yi karo-karo. Makaɗi na samun abin kamu, sauran kuma daga kyautar fili yake fitowa, wadda maroƙi ke shelantawa da sunan mai bayarwa. Don haka mai son ya san inda za a yi babban wasa, ya tambayi wa ya dawo da kuɗi bana, wa ke aurar da 'ya, albasar wa ta yi kasuwa.

Kaso mai yawa na wannan kuɗi daga waje yake zuwa. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza sun sa abin ya yi sauƙi: ɗan'uwa na Libiya ya turo jika biyar ko goma, a ba maroƙi, a kira sunansa da na mahaifinsa a fili, wani ya ɗauka da waya ya tura masa. Bai ga wasan ba, amma garin ya ji yana raye kuma yana samu. Ga mutumin da ya shekara uku bai taka gida ba, wannan minti ɗaya na bidiyo ba ƙaramin abu ba ne. Illar ita ce wasan ya rataya ga abin da ke faruwa a wata ƙasa. Darajar naira ta faɗi, ko an yi kamen baƙi a Aljeriya, sai a ji shi a dandalin Adar.

Akwai kuma wani mai biya da ya ɓace. Shekara da shekaru 'yan siyasa ne manyan iyayen gidan makaɗa da mawaƙa, musamman a jihar Tawa, mahaifar tsohon shugaban ƙasa Mahamadu Isufu. Lokacin kamfe lokacin cin kasuwa ne: a ɗauki makaɗi gari-gari, a sa gasar kokowa da kofi da sunan ɗan takara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an dakatar da harkokin jam'iyyu, a Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, a Maris ɗin 2025 kuma aka rusa jam'iyyun baki ɗaya. Ko me mutum ke gani game da siyasar, makaɗin da ya saba da wannan kasuwa ya rasa ta.

Gidajen gwamnati da manyan bukukuwa

Dattawan yankin na yawan tuna zamanin Samariya. A mulkin Kunce, daga 1974 zuwa 1987, kowane gari da unguwa na da ƙungiyar samari mai shugabanni, ana aikin gayya, ana shirya wasan kwaikwayo da raye-raye da waƙa, ana gasa daga ƙauye zuwa gunduma har bikin matasa na ƙasa. Gaskiya ne gwamnatin soja ta yi amfani da tsarin don isar da saƙonta da sa ido kan jama'a. Gaskiya ne kuma a lokacin yarinyar ƙauye mai murya na da hanyar da za a ji ta a rediyon ƙasa. Gidajen matasa da al'adu da ke manyan garuruwa gadon wannan zamani ne. Na birnin Tawa, mai sunan Albarka Cibau, shi ne babba a jihar. A irin waɗannan gidaje ne mawaƙan zamani da taurarin finafinan Hausa ke sauka idan sun zo wasan Sallah, kuma su kaɗai ne wasannin da ake yi wa talla irin ta birni, da hotuna a bango da mota mai lasifika tana zagaya gari.

Tawa ce kuma gidan gasar Dan Gurmu, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1980 don tunawa da shahararren mai gogen nan na jihar, ta kuma fito da mawaƙan zamani da dama a Nijar. Gasar ta sha yin shekaru ba a yi ta ba, don haka ba abin da mutum zai sa a kalanda ba ne. Sai an ji sanarwa daga ma'aikatar al'adu. Bikin 18 ga Disamba na 2017, wanda aka yi wa laƙabi da Tawa Sakola, ya bar wa birnin sababbin tituna da gine-gine. Ɗan Deule dai sai ya yi kuɗin mota da na kwana kafin ya mori ko ɗaya.

Bukukuwan gargajiya na shekara-shekara sun fi tabbas, ko da yake su ma ranarsu ba ta tsayawa wuri ɗaya. A Bangi, cikin gundumar Madawa kusa da iyakar Najeriya, Fulani makiyaya na yin Hotungo, inda ake nuna shanu ana gasar kiwo ana kaɗe-kaɗe. A Masalata kusa da Birnin Konni, Azna na yin Arwa, bikin duban abin da shekara za ta zo da shi. A arewa, ƙarshen damina, Wodaɓe na yin Gerewol a yankin Abalak, a Ingal ta jihar Agadas kuma ana babban taron makiyaya na shan gishiri a watan Satumba. Duk waɗannan, shugabannin gargajiya da na makiyaya ne ke tsaida rana, wani lokaci saura 'yan kwanaki.

Akwai kuma wasan da ba a shelanta shi ko kaɗan. Adar tsohuwar cibiyar bori ce, har wata masaniya 'yar Faransa, Nicole Echard, ta rubuta littafi sukutum kan borin Adar da Kurfai a 1989. Har yanzu ana kaɗa goge a wasu gidaje, amma ba a kai sanarwarsa rediyo, baƙo kuma ba ya zuwa sai da ɗan gari.

Abin da ke rage wasa

Tsaro ne na farko. Arewa maso yammacin jihar, gundumomin Tiliya da Tasara, na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, kuma a Tiliya ne aka kashe fararen hula 137 a rana ɗaya a Maris ɗin 2021. A kudu, 'yan bindigar da suka addabi Sabon Birni da Isa a jihar Sakkwato na tsallakowa garuruwan iyaka na Madawa da Konni, satar shanu da garkuwa da mutane, Bangi kuma ta karɓi dubban 'yan gudun hijira daga Najeriya. Tsakiyar Adar ta fi waɗannan wurare kwanciyar hankali, amma tsoro na riga ɗan bindiga isowa. Uba na hana ɗansa hawa babur da dare zuwa wani gari, mai biki na taƙaita kiɗa, hukuma na iya hana taro. Wasan da ake karɓar kuɗin ƙofa sai da izininta.

Iyaka ma ta taka rawa. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 2023, tare da yanke wutar lantarkin da Nijar ke saye, har zuwa Maris ɗin 2024. Makaɗa da 'yan dambe da mawaƙan da ke kai da komo tsakanin Sakkwato da Konni da Madawa sun ga wannan layi ya zame musu shinge a waɗannan shekaru.

Sai wa'azi. Malamai da dama na ganin kiɗa da cakuɗuwar maza da mata a dandali saɓo ne, kuma maganarsu na da nauyi. A gidaje da yawa walima ta maye gurbin kiɗan biki. 'Yan mata su ne suka fi jin wannan canji a jikinsu, don dandali ne wurin da al'ada ta ba su damar fita su yi waƙa su faɗi abin da ke ransu a gaban gari. Saurayi na da fada, da gidan kallo, da babur. Yarinya in an rufe dandali sai tsakar gida da wayar yayanta.

Inda aka ci gaba da kiɗan ma, mai lasifika da janareto ya fi arha. Shi kaɗai ne da yaro ɗaya, ya zo da waƙoƙin Hamisu Breaker da Ali Jita da Fati Nijar a katin waya, ba sai an ciyar da tawagar mutum takwas ba. Matasa na son haka, kuma ba laifinsu ba ne. Amma kiɗa a ƙasar Hausa gado ne. Ɗan makaɗin da ya ga babansa na zaune ba kira, shi ma mota zai hau. Ganga ba ta wuyar sassaƙawa. Wanda ya san taken kowane gida da kirarin kakannin kowane ɗan kokowa shi ne ba a samu a kasuwa.

Wayar da ake zargi da kashe dandali ita ce kuma ta fitar da wani ɗan jihar zuwa duniya. Mdou Moctar, mai jita daga yankin Abalak, a Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa na farko a 2008. Ba kamfani, ba talla. Daga waya zuwa waya suka yi ta yawo a Sahel, har wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi ya ji su ya sa ɗaya a faifan da ya fitar a 2011. Yau yana wasa a manyan zaurukan Amurka da Turai. Kafin nan, a bukukuwan aure yake kaɗawa, irin waɗanda sai an tambayi ɗan kabu-kabu kafin a san inda ake yinsu.

Ɗan bidar da ke son ganin wasa da idonsa, ba ta bidiyon da aka turo masa ba, sai ya daidaita zuwansa da ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, ya duba kwanakin da wata zai cika. Ya sauka ranar kasuwa. Ya nemi lambar makaɗi ɗaya da ɗan kabu-kabu ɗaya, ya tambayi dattawa halin da hanya ke ciki kafin ya bi ta da dare, in nisa ne ya kwana can. Ya zo da bargo, don sanyin duwatsun Adar ba ya wasa da wanda ya saba da iskar bakin teku. Ya kuma canza kuɗinsa zuwa ƙananan takardu tun daga Madawa ko Tawa, saboda maroƙi zai gane shi tun daga takalminsa, kuma ba a ba da canji a fili.